Muhawara: Shin nauyin jiki ne ke yanke wa risiba hukunci a NFL?

Abba_Tarauni:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da muka daɗe muna taɓawa sama-sama, ina so yau a baje ta. Ni a ganina nauyin jiki ba shi da wani tasiri a nasarar risiba, wato ɗan wasan da ke tsayawa gefe a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ya ruga ya cafe ƙwallon da kwatabak, mai jefa wa 'yan ƙungiyarsa ƙwallo, ya jefo. Hujjata DeVonta Smith. Kafin zaɓen sababbin 'yan wasa na 2021 an ɗora shi a sikeli ya ba da kilo 75, ga shi tsawonsa mita 1.83. Duk da ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, ta 2020 a jami'ar Alabama, masu sharhi suka yi ta cewa dukan farko za a karya shi. Ƙungiyar Eagles ta Philadelphia suka ɗauke shi a lamba ta 10 a zaɓen. Kakarsa ta farko ya yi yadi 916, wato jimillar nisan da aka ci da ƙwallayen da ya cafe, ta biyu ya cafe ƙwallo sau 95, yadi 1,196. A Fabrairun 2025 muna zaune tsakar dare a nan Kano muka ga ya cafe tachdawun, wato ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya, mai yadi 46 a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, da suka doke Chiefs 40 da 22. To ina amfanin sikelin?

Zazzau_Lions:
Wa alaikumus salam. Abba, kai ɗan Eagles ne, dole ka fara da naka. To ni ma ga nawa. Wa ke riƙe da tarihin yadi mafi yawa a kaka guda? Calvin Johnson na Detroit, yadi 1,964 a 2012. Tsawo mita 1.96, nauyi kilo 108. Ana sa masa mutum biyu, wani lokaci uku, kwatabak ya cilla ƙwallo sama kawai, shi ya tashi ya ɗauko ta a kan kawunansu. Mai kilo 75 ba zai taɓa yin wannan aikin ba ko da shekara zai yi yana atisaye.

Abba_Tarauni:
Malam Zazzau, Calvin Johnson ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.35. Gudun nan da tsawon nan su suka yi shi. Kilo ɗin rakiya kawai ya yi.

Zazzau_Lions:
Rakiya? Je ka tambayi konan, wato mai tsaron risiba, da ya taɓa ƙoƙarin ture shi a layi.

MalamLissafi:
'Yan'uwa, idan kowa zai riƙa jawo gwarzonsa guda, har asuba ba za mu gama ba, domin kowane ɓangare yana da suna. Mu duba tsakiya, inda mafi yawan manyan suke. Jerry Rice, mai yadi 22,895 da ba wanda ya kusa kamo shi, kilo 91 ne a rubuce. Justin Jefferson da ya yi yadi 1,809 a 2022 an auna shi kusan kilo 92 a gwajin sababbin 'yan wasa da ake yi a Indianapolis. Ja'Marr Chase, wanda a 2024 ya fi kowa yawan cafewa, yawan yadi da yawan tachdawun, kilo 91. Cooper Kupp da ya yi irin wannan a 2021 bai wuce su da yawa ba. Wannan bai yi kama da dace ba. Jikin da ke wannan zangon yana iya jure duka, yana kuma iya tsayawa cak ya juya ba tare da ƙafa ta zame ba.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi damuna a maganar Abba: ƙananan da muke gani a fili su ne waɗanda suka tsallake siraɗi. Kafin ƙungiya ta ba mai kilo 75 dama, sai ya nuna wani abu da ya fi na kowa, ko gudu ko iya yaudarar mai tsaro. Sauran ɗaruruwan masu irin jikinsa da iyawarsu ta tsaya a matsakaiciya an sallame su tun a jami'a, ba mu ma san sunansu ba. Mai kilo 100 kuwa ko iyawarsa matsakaiciya ce yakan samu shiga, a ce za a gyara shi. Saboda haka idan ka ƙirga waɗanda suka shiga NFL kaɗai, ƙananan za su yi kama da sun fi cin nasara, alhali tacewar da aka yi musu ta fi tsanani.

Ummi_Bronx:
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan batu na tacewa shi ne abin da nake ta so wani ya faɗa.

Kabiru_Steelers:
Na yarda da rabin maganar Malam. Amma batun cewa sai ƙarami ya fi kowa gudu, ban yarda ba. Antonio Brown kilo 84 ne, sai a zagaye na shida na zaɓen Steelers suka ɗauke shi a 2010, kuma gudunsa a gwaji ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma daga 2013 zuwa 2018, kaka shida a jere, yana cafe ƙwallo sama da 100. Wes Welker ko zaɓensa ba a yi ba a 2004, ya zo ya cafe 123 a 2009. Abin da suke da shi ƙafa ce da kai: sanin inda mai tsaro zai karkata kafin ya karkata. A ɗaya gefen kuma, John Ross ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.22 a 2017, Bengals suka kwashe shi a lamba ta 9, bai taɓa zama abin da aka zata ba. Tavon Austin, kilo 79, lamba ta 8 a 2013, bai taɓa yin yadi 1,000 a kaka ba.

MalamLissafi:
Kabiru, ai na ce gudu ko iya yaudarar mai tsaro. Brown da Welker suna cikin kaso na biyu. Ba mu saɓa ba.

Kabiru_Steelers:
To shi ke nan, amma mutane gudun kawai suke ji.

Koci_Sani_Ohio:
Salam. Ina taimaka wa yara da atisaye a wata makarantar sakandare a nan, bari in faɗi yadda abin yake a ƙasa, domin alƙaluma ba sa nuna shi.

Wurin da nauyi ya fi yin magana shi ne taku uku na farko. Kona yakan zo ya tsaya gab da kai a layin farawa, har kana jin numfashinsa. Ana motsa ƙwallo sai ya danna maka tafin hannu biyu a ƙirji. Doka ta ba shi damar taɓa ka cikin yadi biyar na farko. Idan ya riƙe ka ko na rabin daƙiƙa ne, wasan ya lalace, domin kwatabak ba shi da fiye da daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin ƙartin gaba su iso kansa, kuma yana jefa ƙwallon ne zuwa inda ya kamata ka kasance, ba inda kake ba. Yaro mai ƙirji da kafaɗa yakan doke hannun ya wuce. Siriri kuwa dole ya hana a taɓa shi gaba ɗaya: ya girgiza kafaɗa hagu, ya dasa ƙafa, ya sulale dama, ya sunkuyar da kafaɗar da ke kusa da mai tsaro. Ku sake kallon Smith a hankali, wannan yake yi, kuma hannuwansa dogaye ne, yana share hannun kona kafin ya iso.

Sai kuma koci ya taimaka. Risiban da ake kira X yana tsaye ne daram a kan layi, ba ya motsi, shi ya sa aka fi son babba a nan, irin A.J. Brown mai kilo 102 da Eagles suka sayo daga Titans a 2022. Sauran ana iya ja da su baya taku ɗaya, ko a shigo da su ciki, ko a ɓoye su bayan wani, ko a sa su fara gudu a kwance kafin a motsa ƙwallo. Haka Miami suka yi ta yi wa Tyreek Hill a 2023 da ya yi yadi 1,799: kafin kona ya miƙa hannu ya riga ya ɗauki wuta. Don haka ni zan ce nauyi yana zaɓa maka aikin da za ka yi a fili, da irin kocin da kake buƙata. Ƙarami a hannun kocin da bai san yadda zai ɓoye shi ba, ya shiga uku.

Abba_Tarauni:
Koci na gode. Amma Smith yana tsayawa a waje sosai, ba kullum ake ɓoye shi ba.

Koci_Sani_Ohio:
Haka ne, shi ya sa ya zama na daban. Amma ka lura tun da Brown ya zo, konan da ya fi ƙarfi a ƙungiyar hamayya sau da yawa Brown ake tura wa.

Issoufou_Damagaram:
Ni sabon shiga ne a kallon wasan nan, amma abin ya tuna min kokawarmu ta nan Nijar. Ƙato yana da rinjaye da zarar an kama juna, amma mun sha ganin ɗan madaidaici ya kayar da shi saboda bai bari an rungume shi ba. Ina jin abin da Koci ke faɗa ke nan: kada ka bari a kama ka.

Bashir_Kumasi:
Ɗan'uwa Issoufou, sai dai a kokawa da an kai ka ƙasa an gama. A nan za a kai ka ƙasa yau, a sake gobe, wasa 17 a kaka ban da na fidda gwani. Tambayar ita ce jikin zai ɗauka? Dubi Tank Dell na Houston, kilo 75. Yaro mai kyau ƙwarai, amma a Disambar 2023 ƙashin ƙaurinsa ya karye, a Disambar 2024 kuma gwiwarsa ta goce a Kansas City. Kaka biyu, rauni biyu masu muni.

Ummi_Bronx:
Yaya Bashir, ka kalli yadda raunukan suka faru kuwa? Na farko yana tare hanya ne a bakin gida, wato gab da layin cin tachdawun, aka faɗo masa a kan ƙafa ta baya. Na biyu ya cafe tachdawun, ɗan ƙungiyarsu ya zo a guje ya afka wa gwiwarsa. Ko mai kilo 110 aka buga wa gwiwa ta wannan kusurwar sai ta tafi. Jijiya ba ta san nauyin mai ita ba. Kuma Calvin Johnson da Malam Zazzau ke taƙama da shi, yana da shekara 30 ya ajiye wasa bayan kakar 2015, jiki duk ciwo, yatsu da idon sawu da gwiwa. DeSean Jackson da aka auna kusan kilo 77 a 2008 ya buga har 2022, ya wuce yadi 11,000.

Bashir_Kumasi:
Hajiya, raunin farko shi ne hujjata. Me ya kai mai kilo 75 cikin turmutsitsin bakin gida? Aikin ya tilasta masa. Risiba ba cafe ƙwallo kaɗai yake yi ba, dole ya tare wa mai gudu da ƙwallo hanya. A nan ƙarami ba shi da wurin ɓuya.

Kabiru_Steelers:
Batun tare hanya gaskiya ne. Hines Ward namu, kilo 93, a 2008 ya tare Keith Rivers na Bengals har muƙamuƙinsa ya karye, shekara ta gaba aka kafa doka a kan irin wannan tarewar ta gefen da mutum ba ya gani. Kociyoyi da yawa ba za su bar ka a fili ba idan ba ka iya wannan aikin, ko da hannunka kamar danƙo yake.

Dattijo_Houston:
Yara, bari tsoho ya sa baki. Na fara kallon wasan nan tun ina ɗalibi a ƙasar nan, kuma wasan da kuke kallo yau ba shi ne na da ba. Kafin 1978 mai tsaro yana iya bugun risiba ko da ya wuce yadi biyar, muddin ba a jefo ƙwallo ba. Mel Blount na Steelers ya yi ta murƙushe mutane har aka kawo dokar yadi biyar da Koci ya ambata. Bayan wasan Colts da Patriots na Janairun 2004, inda 'yan New England suka riƙa cakumar Marvin Harrison da abokansa, hukumar ta umarci alƙalai su tsananta hukunta taɓi bayan yadi biyar. Daga 2009 zuwa 2010 aka ƙara kare risiban da ke sama yana cafe ƙwallo, aka hana kai masa duka a ka da wuya. A da wanda ya ratsa tsakiyar fili ya san da wuya ya tashi da ƙafarsa. Yanzu tsakiyar nan ita ce kasuwar ƙanana. Saboda haka amsar tambayar Abba ta danganta da shekarar da ake magana. Da Smith ya zo a 1975, ba na jin zai kai labari yadda ya kai yau. Kuma ƙungiyoyi sun gane, shi ya sa Ravens suka ɗauki Marquise Brown mai kilo 75 a zagayen farko a 2019, Rams suka ɗauki Tutu Atwell mai kusan kilo 70 a zagaye na biyu a 2021, Chiefs suka ɗauki Xavier Worthy a lamba ta 28 a 2024 bayan ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.21.

Abba_Tarauni:
Allah ya ƙara girma Baba. Worthy ɗin ma a Super Bowl ɗin da na ambata ya yi yadi 157 da tachdawun biyu.

Zazzau_Lions:
Bayan Eagles sun riga sun gama da wasan, Abba. Mafi yawan yadin nan a ƙarshe ya same su.

Maman_Khalifa:
Sallama gare ku. Ni ba masaniyar alƙaluma ba ce, uwa ce. Ɗana yana buga risiba a sakandare, siriri ne kamar mahaifinsa. Wani koci ya ce masa ba jami'ar da za ta dube shi sai ya ƙara kilo goma. Yaron nan ya shiga cin abinci kamar hukunci, ƙwai da safe, shinkafa da kaza har dare, ga garin furotin a kwalba yana girgizawa a mota. Nauyi ya ƙaru, amma sai na ga yana haki a rabin wasa, kuma tsayawar nan da juyawa da yake burge mutane da ita ta ragu, har cinyarsa ta fara damunsa. Raina ya ɓaci sosai, domin an ɗauke masa abin da yake da shi an ba shi abin da ba nasa ba. Don Allah masu sani, me ya kamata?

Koci_Sani_Ohio:
Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ƙarfi ake nema, ba lambar sikeli ba. Yaro mai tasowa ya riƙa ɗaga ƙarfe a hankali ƙarƙashin wanda ya sani, ya ci abinci mai kyau, ya yi barci isasshe, nauyin da jikinsa zai iya ɗauka zai zo da kansa. A riƙa auna gudunsa da tsallensa tare da nauyin. Duk ranar da nauyi ya hau, gudu ya sauka, an wuce gona da iri. Batun cinyar kuma a kai shi likita ya duba kafin ya koma fili.

MalamLissafi:
Labarin Maman Khalifa ya faru da manya ma. Kelvin Benjamin, kilo 109, ya yi yadi 1,008 a kakarsa ta farko da Panthers a 2014. Jijiyar gwiwarsa ta tsinke a 2015, daga nan maganar ƙibarsa ta yi ta biyo shi har ya fita daga gasar. N'Keal Harry da DK Metcalf dukansu kilo 103 aka auna su a 2019. Patriots suka ɗauki Harry a zagayen farko, bai tsinana abin kirki ba, Metcalf ya faɗo har lamba ta 64, ya yi wa Seattle yadi 1,303 a 2020. Nauyi ɗaya, shekara ɗaya, makoma daban.

Wani abin da ba mu taɓa ba: kilo shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an haɗa da tsawo. Ana lissafa Tyreek Hill cikin ƙanana, amma gajere ne a cure, cinya da ƙirji cike. Steve Smith na Carolina ma haka, mita 1.75 amma yana tafe kamar dutse. Su da DeVonta Smith ba jiki ɗaya ba ne ko kaɗan. Sannan lambar da ƙungiya ke rubutawa a shafinta ba kullum take daidai da abin da mutum ke ɗauke da shi a watan Disamba ba.

Nura_Abuja_Flag:
Mu nan da muke buga na tuta, wanda ake fizge ƙyalle a ƙugu maimakon kayar da mutum, sirara ne sarakai. Kuma shi ne za a buga a Olamfik ta Los Angeles a 2028. Amma na lura tun sansanin da NFL ta yi a Accra a 2022 tare da tsohon ɗan wasan NFL Osi Umenyiora, waɗanda ake ɗauka daga nan Afirka yawanci ƙarti ne na layin gaba. Ba a cika neman risiba a wurinmu ba.

Ummi_Bronx:
Domin girma ana ganinsa da ido a rana ɗaya, Nura. Karatun masu tsaro da sanin hanyoyin gudu shekaru yake ci. Nelson Agholor a Legas aka haife shi, amma a Florida ya taso yana bugawa tun yana yaro, shi ya sa ya kai zagayen farko a 2015 har ya ci Super Bowl da Eagles.

Zazzau_Lions:
Mun yi nisa da tambayar. Ni har yanzu ina nan a kan bakata. A bar min zaɓi tsakanin risiba biyu masu gudu ɗaya, hannu ɗaya, kai ɗaya, ɗaya kilo 77 ɗaya kilo 100, wallahi babban zan ɗauka, kuma duk manajan ƙungiya haka zai yi. Mike Evans, kilo 105, kaka 11 a jere yana wuce yadi 1,000, daga 2014 zuwa 2024, ya kamo Rice a wannan tarihin. Idan an matso yadi biyar daga gida, fili ya ƙuntata, ba wurin gudu, kafaɗa ce ke aiki.

Abba_Tarauni:
Amma ai ba a samun su da komai ɗaya, Malam. Mai kilo 100 da ke juyawa kamar mai kilo 77 sau nawa ake haifarsa? Metcalf da kansa a gwajin zagaye mazugi uku ya yi daƙiƙa 7.38, abin da ya sa ƙungiyoyi suka ja baya da shi ke nan. Kowane kilo da ka ƙara sai ka biya shi a birki.

Kabiru_Steelers:
Marvin Harrison siriri ya kafa tarihin cafe ƙwallo sau 143 a kaka guda a 2002, Michael Thomas mai kilo 96 ya karya tarihin da 149 a 2019. Kowa ya ɗauki wanda ya yi masa.

Maman_Khalifa:
Koci na gode, za mu je asibitin. Wata tambaya kuma: a shekarunsa, sau nawa ya dace ya riƙa shiga ɗakin ɗaga ƙarfe a mako idan ana tsakiyar kakar wasa?

Koci_Sani_Ohio:
Sau biyu ya isa, Hajiya, kuma kada ya ɗaga mai nauyi ana gobe wasa. Bayan kaka sai a ƙara. Abba da Malam Zazzau, ku ajiye min batun bakin gida, zan nemo bidiyon yadda Eagles ke jera A.J. Brown da DeVonta Smith idan sun matso yadi goma, mu gani wa ake nema da ƙwallo kuma ta wace hanya.